Na Ce Mata Layin Ya Cika

Sallama gare ku masu karatu, har da waɗanda suka wanke ni tas a ƙasan rubutun da ya wuce. An karanta min, ɗaya bayan ɗaya. Ke da kika ce ni tsohuwa ce mai baƙin ciki da auren 'yarta, Allah ya ba ki 'ya, ki raine ta ke kaɗai shekara goma sha tara, sannan ki dawo mu yi magana. Ni ban yi boko ba, ban san ta inda ake kama biro ba. Maƙwabciyata mai ɗinki ce ke buga muku abin da nake faɗa, kuma na ja mata kunne kada ta sassauta min ko kalma ɗaya.

Amma yau ba faɗa na zo yi da ku ba. Yau ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi.

Ga wanda bai san mu ba: 'ya'yana uku, biyu suna nesa da iyalansu, Auta ce ta rage min a gida. Malamar makaranta ce, labarin ƙasa take koyarwa, ta ba talatin baya da shekara ɗaya. Mai nemanta kuwa mai awon filaye ne. Ni Ƙafa Uku nake ce masa, saboda abin awon nan mai ƙafa uku da yake saɓe a kafaɗa kamar an haife shi da shi. Dogo ne, siriri, ba ya ɗaga murya, takalminsa kullum da taɓo. Ban taɓa kama shi da wani laifi ba, in gaya muku gaskiya. Amma sau biyu ina korarsa daga ƙofar gidana, na biyun ma har da kiran sa ɗan daji.

Wa ya zuga ni? Baffansu, ƙanin marigayi maigidana. Shekara biyu da suka wuce aka kira Ƙafa Uku ya auna filin Baffa, awo ya nuna katangarsa ta ci taku biyu cikin filin maƙwabci, aka sa shi ya rushe. Tun ranar Baffa bai ƙara jin sunan yaron nan ba tare da ya tofar da yawu ba. Ni kuma uwa ce, abin da aka zuba min a kunne shi na kwana da shi.

Abin da ya haɗa Auta da shi wani wasa ne na waɗanda aiki bai ishe su ba. Mutum ya sami ɗan akwatin roba, ya sa ƙaramin littafi da fensir a ciki, ya je ya ɓoye a kogon bishiya ko ƙarƙashin dutse, ya rubuta lambobin wurin a wata manhaja ta waya. Wani ya bi lambobin, ya nemo akwatin, ya sa hannu a littafin, ya mayar. Shi ke nan. Ba a cin komai, ba a ba ka komai. Da Auta ta yi min bayani na ce, “To in kin gano shi sai me?” Ta ce, “Sai in ji daɗi, Inna.” Na ce Allah ya sawwaƙe.

Ƙafa Uku ya ɓoye irin waɗannan guda goma sha biyu a bayan gari, Auta na so ta kai 'yan ajinta ranar Litinin su koyi bin taswira. Can babu sabis, don haka ba da waya ake zuwa ba. Akwai wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa mai nuna hanya, GPS suke ce mata, ni Sabulu nake kiranta don girmansu ɗaya da sabulun wanki. Sai an kwashe jerin wuraren daga waya ta kwamfuta an zuba a cikinta kafin a fita. Ku riƙe wannan, nan ne na kashe kaina.

Ranar Juma'a da yamma Baffa ya shigo, ko zama bai yi ba.

“Matar Yaya, kina nan kina gyangyaɗi, 'yarki tana bin namiji daji. Akwatin me? A layin shaguna kowa ya sani.”

Na ce, “Wa ya gaya musu?”

Ya gyara hula. “Magana ai ba ta da ƙafa, amma tana tafiya.”

Shi ya kai ta, daga baya na tabbatar. A gaban mai walda, da mai gyaran agogo, da duk wanda ya tsaya shan inuwa.

Asabar da safe ban ko bari yarinyar nan ta kurɓi shayi ba na rufe ta da faɗa. Tana zaune a kan tabarma a falo, sanye da tsohuwar rigar barcinta mai ɗigo-ɗigo, ta baje kayanta: kwamfuta a tsakiya, waya a dama da igiyarta, Sabulu a hagu da tata igiyar. Kwamfutar batirinta ya daɗe da mutuwa, sai tana jone da bango take numfashi.

Ta saurare ni har na gama. Ba ta yi kuka ba, ita ba mai kuka ba ce, halin ubanta ta ɗauko.

“Inna, yau ni kaɗai zan je. Dubawa zan yi ko akwatunan suna nan kafin in kai yaran mutane. Shi yana can wani aiki.”

“Haka kika ce.”

“To ga wayar, ki riƙe.” Ta danna wani abu. “Na cire makullin. Duk saƙon da ya shigo ki saurara, duk wanda ya kira ki ɗauka. In Baffa ya zo ki ba shi ya saurara shi ma.”

Maganar ta soke ni, amma na ɗaure fuska.

Ta nuna min fuskar kwamfutar. “Mai akwatunan ya aiko cewa ya gyara jerin da asuba, in zuba sabo kafin in fita. Kin ga koren layin nan da ke tafiya? In ya cika har ƙarshe, ki zare igiyoyin ki rufe min. Bari in watsa ruwa. Kar ki taɓa sai ya cika, Inna.”

Ta shige banɗaki.

Yanzu sai in gaya muku abin da kowa a gidana ya sani. Shekara goma sha tara da suka wuce, da damina, aka yi tsawa, wuta ta biyo ta wayar lantarki ta kama ɗakinmu. Rediyo ce a jone. Maigidana ya fitar da yaran, ya koma ɗauko takardu, hayaƙi ya shige masa ƙirji. Kwana tara ya yi. Tun daga ranar, in na ji sama ta yi gyaran murya, hannuna ba ya shawara da ni. Firji, fanka, dutsen guga, cajar waya, duk sai na bi na zare. Yarana har tsokanata suke yi, wai Inna Mai Zare-zare. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Kwana uku ana ruwa a makon nan. Safiyar kuma gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Ina tsaye a kan kwamfutar, layin yana rarrafe kamar hawainiya, ya wuce rabi da ɗan kaɗan, sai aka saki wata tsawa da ta girgiza gilashin taga.

Ban san lokacin da na kai bango ba. Na dai ga filogi a hannuna, fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Na tsaya. Na ji ruwa na zuba a banɗaki. Da mayarwa na yi na kira ta, da yanzu ba wannan labarin nake ba ku ba. Amma yanzun nan na gama yi mata wa'azin hankali, sai kuma in ce na yi ɓarna kamar ƙaramar yarinya? Na ce a raina, rabi da wani abu ai ya shiga, akwati goma sha biyu ko shida ta gani ba sun isa ba? Na zare igiyoyin, na naɗe su tsaf, na rufe kwamfutar, na ɗora Sabulu a kai.

Ta fito cikin doguwar rigarta ruwan toka, da wando a ciki, da takalmin igiya, ta naɗa ƙaramin mayafi shuɗi. Ta rataya usur ɗin da take tara yara da shi a wuya, don ita ko kasuwa za ta sai da shi.

“Ya cika, Inna?”

“Ya cika.”

Ta ɗauki Sabulu, ta jefa a jaka, ta kai bakin ƙofa, ta juyo.

“Har ƙarshe?”

“Ke, ni makauniya ce? Na ce miki ya cika!”

Ta ce, “Yi haƙuri. Hadarin nan wucewa zai yi. Kafin azahar na dawo.” Ta fita.

Sau biyu, jama'a. Sau biyu ta tambaye ni.

Hadarin ya wuce kamar yadda ta faɗa, rana ta ɗan leƙo. Na yi shara, na yi wanke-wanke, na sa wayarta a aljihun zanina tana ta ƙyaf-ƙyaf. Rubutu ne, ban san me suke cewa ba, ban damu ba. Wajen sha biyu da rabi sai ga saƙon murya, da hoton Ƙafa Uku a gefe, yana tsaye da hular rana. Na ce yawwa, yau zan ji da kunnena. Na zauna a bakin gado, na gyara ɗankwali, na danna.

“Malama, barka da rana. Na san kin zuba sabon jerin, don dai hankalina ya kwanta ne. Da safe sauri nake ban gaya miki dalili ba. Akwati na tara, na bakin tsohon ramin dutse, na ɗauke shi jiya, na mayar gindin bishiyar da ke ƙetaren hanya. Ruwan nan ya rarake bakin ramin ta ƙasa. Daga sama lafiya lau za ki gan shi, ciyawa shar, amma fanko ne, ko akuya ba zai ɗauka ba. Tsohon jerin har bakin yake kai mutum. Sabon ba ya bi ta can ko kusa. Ki gaida Inna, in ta yarda a gaishe ta.”

Na sake dannawa. Na sake.

Wa zan kira? Wayar Auta tana hannuna. Ni na karɓe ta. 'Yata tana daji da Sabulu, Sabulu kuma me ke cikinta? Ban sani ba. Na yi ta gaya wa kaina wataƙila na tara ya shiga kafin in zare. Na ƙirga da yatsu, rabin sha biyu shida ne, da ɗan kaɗan bakwai. Tara ba ta ciki.

Na danna hoton mutumin da na kira ɗan daji.

“Malama?”

“Ba ita ba ce. Ni ce.”

“Inna, ina wuni. Lafiya?”

Wallahi na fi son a ce in haɗiye garwashi. Na ce, “Layin bai cika ba. Na zare. Tsawa aka yi na zare, na ce mata ya cika.”

“Ya kai ina?”

“Ya wuce rabi.”

“In bai kai ƙarshe ba, babu abin da ya shiga, Inna. Ba a zuba shi rabi. Tsohon ne a ciki.” Na ji ƙarar ƙarfe ya faɗi a wajensa. “Ƙarfe nawa ta fita?”

“Tara saura.”

“Ki fito bakin titi. Ga ni nan.”

Da silifas ɗin banɗaki na fita, ƙafa ɗaya nawa, ɗaya na Auta. Ko ƙofa ban kulle ba. Mai ɗinkin nan da ke buga muku ta ƙwala min kira, ban waiwaya ba. Kafin motarsa a-kori-kura ta iso, gabas ta sake haɗewa.

A mota na jira ya zage ni. Na so ya zage ni. Da ya ce tsohuwar banza, da na sami abin riƙewa. Bai ce ba. Hannunsa biyu a kan sitiyari, jijiyar wuyansa ta miƙe, leɓensa na motsi da addu'a. Can ya ce, “Tana tafiya a hankali, Inna. Takan tsaya ta rubuta abin da za ta gaya wa yara a kowane wuri. Wataƙila ba ta kai ba.”

“In ta kai fa?”

Ya ƙara wuta.

Muka bar kwalta, muka bi jar hanya duk kwatami, ruwa ya fara sauka manya-manya. Ya tsaya a wata 'yar gada, ya dira, ya zura hannu ƙarƙashin ƙarfen ya zaro akwatin roba.

“Wannan ne na takwas. In ba ta sa hannu ba, tana bayanmu.”

Ya buɗe littafin, ya kare shi da ƙirjinsa. Ban iya karatu ba, amma na san hannun 'yata. Tun tana aji ɗaya take zana ɗan tauraro a ƙarshen sunanta. Tauraron na nan, sabo, a layin ƙarshe.

“Ta rubuta lokaci?”

“Sha ɗaya da kwata.”

“Yanzu fa?”

“Ɗaya ta wuce.”

“Daga nan zuwa ramin?”

“Minti goma a ƙafa.”

Masu karatu, akwai tsoron da ke sa mutum ihu, akwai wanda ke ɗauke sauti daga duniya. Na ga ruwa na dukan mota, ban ji ƙararsa ba.

Mota ba ta shiga wurin, da gudu muka ƙarasa. Ni da gwiwar da ko matakala uku ba ta hawa sai da hutu, ranar ban san ina da gwiwa ba. Silifas ɗaya ya maƙale a taɓo na bar shi. Ramin wani tafkeken wuri ne da aka daina fasa dutse tun da daɗewa, zurfinsa ya fi gidan sama, ruwa kore ya taru a ƙasa. Ciyawa ta bi bakinsa lumbu-lumbu kamar katifa. Sai wuri ɗaya da babu ciyawa. Ƙasa ja, sabuwa, kamar an gatsa an tafi da loma.

Taku uku kafin wurin, Sabulu na kwance a ciyawa. Fuskarta a kunne, 'yar kibiyarta na nuna ramin.

Na yi kanta. Ya fizgo ni ta baya, har mayafina ya yage.

“Kar ki matsa! Duk fanko ne!”

“Sake ni! Auta! Autaaa!”

Ruwa kawai. Na kira sunanta na yanka, wanda ban taɓa kira da ƙarfi ba. Na kira ubanta da ke ƙasa shekara goma sha tara, ban san me nake so ya yi min ba. Na ce ya Allah wuta ta ci ɗaya, kar ka ba ruwa ɗaya, in dai hannuna ne ka karɓi hannun.

Ƙafa Uku ya ce, “Inna, yi shiru. Don Allah yi shiru.”

Na toshe bakina da mayafi.

Fiit.

Siriri, daga ƙasa, kamar kukan ɗan tsako.

Fiit. Fiit.

Usur ɗin yara.

Ya kwanta rub da ciki can gefe inda dutse ne zalla, ya ja jiki ya leƙa. “Tana nan! Tana kan wani tudun dutse, ƙasa ta danne mata ƙafa. Malama! Kar ki motsa!” Ya juyo, fuskarsa ba jini. “Ruwan na hawa. Duk abin da ke gangarowa daga tudu cikin ramin yake zuba.”

Ya ruga mota ya dawo da igiya a kafaɗa, da wasu masu lodin tsakuwa biyu da ya tarar sun fake ƙarƙashin tifa. Allah ya saka wa mutanen nan, ko sunansu ban tambaya ba. Suka zagaya igiyar a jikin wani dutse, ya ɗaura a ƙugu.

Babban cikinsu ya ce, “Maigida, jira a kira masu ceto mana.”

“Babu sabis. Kafin a je a dawo ruwa ya rufe ta.” Ya cire takalmin nan mai taɓo, ya ajiye a gabana, ya sauka.

Na kama wutsiyar igiyar. Suka ce, “Baba, saki, mun isa.” Na ce wanda ya ƙara ce min saki sai na cije shi. Na zari abin da bai kamata in zara ba da safe, wannan ko hannuna zai guntule ba na saki.

Ban san tsawon lokacin ba. Ba na ganin komai sai igiya na shiga rami. Ƙasa na ta zubowa daga gefen da ya karye. Sau ɗaya na ji ta yi ƙara, ƙarar da ban ji irinta ba tun ranar da na haife ta, lokacin ne ya zaro ƙafar. Sai muryarsa: “Ku ja! A hankali!”

Ita ta fara fitowa, ɗaure a igiya, jiƙe har ƙirji, mayafin babu, goshinta a fashe, ƙafar dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Usur ɗin na bakinta, ta cije shi har sai da na ɓamɓare. Ta dube ni ta ce, “Inna, ina takalminki?” Sai ta suma.

Da aka jawo shi, tafin hannunsa duk ya saɓule. Ya ce tudun da take kai ya riga ya nutse.

A asibiti suka ce karaya biyu, amma ƙafar za ta tsira. Wajen la'asar aka fito da ita, an naɗe ƙafar fari fat, an rataye. Ina zaune a gefen gadon, Ƙafa Uku na tsaye a bakin ƙofa da bandeji a hannu biyu, bai shigo ba don ban ce ya shigo ba. Sai ga Baffa, babbar riga na jan ƙasa, muryarsa ta riga shi isowa.

“Ban faɗa ba? Ban faɗa ba? Ya ja ta daji zai hallaka ta! To na biya ta ofishin 'yan sanda, na ba da sunanka. Awo ko? Za ka auna ɗakin da za su sa ka!”

Auta ta buɗe ido. Ta dubi Ƙafa Uku. “Ka ce ka gyara jerin.”

Ya dube ni, kallo ɗaya, ya sunkuyar da kai.

“Ni na ɓoye akwatin a wurin tun farko,” ya ce. “Kuma ban gaya miki dalili da wuri ba. Laifina ne.”

Kun ji? Yaron da na kira ɗan daji. Ya rufe ni da rigarsa a gaban 'yata, zai tafi ɗakin 'yan sanda da ƙaryata a kansa. Da na yi shiru, shi ke nan, har abada babu mai sani.

Na miƙe, ƙafa ɗaya ba takalmi.

“Ƙarya yake yi. Ya gyara. Ni na zare filogin, layin bai cika ba, na ce mata ya cika. Ita kaɗai ta je, wayarta na aljihuna, ga ta. Shi kuma ni na kira shi, shi ya shiga ramin da ƙafarsa, lokacin kai kana layin shaguna kana auna mutuncin 'yar ɗan'uwanka da baki.”

“Matar Yaya, ki san abin da...”

“Na sani! Taku biyu aka rushe maka, kai ka tashi rushe yarinya gaba ɗaya. Yayanka ya fitar da ita daga wutar da ta kashe shi, kai ka jefa ta bakin duniya saboda bulo!”

Ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce mu fita ko mu yi shiru. Baffa ya tattare riga ya fita yana huci. Na juyo wajen Auta.

Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. A hankali ta ce, “Sau biyu na tambaye ki, Inna. Da ranar Litinin ce fa? Da yara arba'in a bayana?”

Ta juya fuskarta bango.

Yau kwana huɗu. Ina zuwa da safe, in zauna, in dawo da yamma. Tana karɓar ruwa a hannun ma'aikaciya, a hannuna ba ta karɓa. Ƙarar Baffa ta sa an zo an tafi da Ƙafa Uku, sai na je ofishin 'yan sanda da ƙafata, da igiyoyin nan biyu da Sabulu a jaka, na zube musu a tebur na faɗi abin da na faɗa muku, suka sallami yaron.

Saura Baffa. Na san ana karanta masa wannan, matarsa ba ta wuce rubutuna. To ka ji: ba haƙurinka nake so a ɗaki ba. Inda ka tsaya ka faɗa, gaban mai walda da mai gyaran agogo, nan za ka koma ka tsaya, da rana tsaka, ka ce ƙarya ka yi wa marainiya. Ni na faɗi tawa a gaban duniya. In ba ka je ba, ni zan je, kuma ka san muryata ba ta buƙatar lasifika.

Amma ba wannan ke hana ni cin abinci ba.

Ɗazu, muna tsakiyar wannan rubutu, wayar Auta ta yi ƙara a aljihuna, don har yau ba ta ce in mayar mata ba. Hoton Ƙafa Uku ne. Mai ɗinki ta karanta min rubutun da ke sama: “Inna, wannan daga Malama ne. Ta karɓi wayata ta yi miki magana da kanta. Ban saurara ba.”

A ƙasa akwai saƙon murya. Ga shi nan a kan cinyata, 'yar kibiyar da ake dannawa na kallona. Na kai yatsa sau uku ina janyewa. Na riƙe igiya a bakin rami, amma wannan ɗan dannawar ta gagare ni. Ban sani ba ko cewa za ta yi in zo, ko cewa za ta yi in ta warke ba gidana za ta dawo ba.

Mai ɗinki ta ce saƙon dogo ne, layinsa zai daɗe yana tafiya. Kuma ga gabas can ta fara haɗewa, na ji sama ta yi gyaran murya.

Na ce mata ta ajiye rubutun, ta zo ta riƙe min hannu ɗaya. Ko me ke ciki, ko tsawa za ta tsaga rufin nan, ba na taɓa komai sai layin ya kai ƙarshe.